Gidan tuwon unguwa: amanar da ke tsakanin mai dafawa da mai ci



Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar Bukoki ta birnin Yamai da azahar ya san ƙamshin daddawa da man gyaɗa da hayaƙin icce da ke tarbar mutum tun daga bakin titi. A cikin wani lungu na wannan unguwa, ba nisa da kasuwar Katako, akwai wata rumfar kwano da aka jingina da katangar wani gida. Ba ta da allo, ba ta da suna a rubuce, amma in ka tambayi kowane yaro inda Hajiya mai tuwo take, zai nuna maka da yatsa. Yau shekara 7 ke nan ina cin abincin rana a wannan rumfa, kuma ban taɓa tunanin yin rubutu a kanta ba sai a daminar bara, ranar da na zo na tarar da tukwane a kife, an ɗora bencunan bisa juna, murhu ya yi sanyi. Kwana 9 rumfar ta yi ba a hura wuta a cikinta ba. Hajiya ba ciwo ta yi ba, ba kuma rasuwa aka yi mata ba. Mu masu ci ne muka kashe mata wuta, kuma ni mai wannan rubutu ina cikin masu laifin. Kafin in faɗi yadda abin ya auku, bari in fara kai ku rumfar ku gan ta.

Rumfar da masu zamanta

Wurin ba shi da girma. Tebur 2 ne da benci 4, da randa a ƙuryar inuwa, da buta da sabuni a bakin shiga. Hajiya tana zaune bisa ƴar kujera a tsakiyar tukwanenta, mara da ludayi suna gabanta, ƴan mata biyu kuma suna taimaka mata, ɗaya tana miƙa abinci, ɗaya tana wankin kwanoni. Babu takardar da ake ba baƙo ya duba abin da aka dafa, domin kowa ya san shi: tuwon hatsi da na masara da na shinkafa, miyar kuka, miyar guro, da miyar yakuwa da gyaɗa. Wanda ba ya son tuwo da rana sai a zuba masa shinkafa da wake da mai da yaji. Ranar Juma'a ana yin dambu da zogale, kuma wanda ya tsaya hira bayan an sauko daga masallaci sai dai ya ji labarinsa. Tuwo da miya babu nama dala 50 ne, wato sefa 250. In da nama kuwa, dala 100.

Tun bayan watana na farko ban sake buɗe baki na ce ga abin da nake so ba. Da na yi sallama na wanke hannu sai in ji ta ce: «Mushe, an sauko? Ina gajiya?» In ce: «Ba gajiya, Hajiya, ina aiki?» Ta ce: «Aiki da godiya.» Kafin in zauna malmala biyu da miyar kuka sun iso, an rage musu yaji, don ta san cikina ba ya ɗaukarsa. Mushe take ce mini saboda ta ji labarin na taɓa koyarwa a ƙauye, kuma sunan ya bi ni ke nan. Haka ta san kowa: wanda likita ya hana wa gishiri, wanda ke son a kankaro masa ƙanzo, da wanda ke azumin Litinin da Alhamis, shi wannan ba a ajiye masa komi a waɗannan ranaku.

A bisa bencunan nan za ka ga maƙeran Katako masu narka tsoffin ƙarafa su ƙera tukwane, da ƴan dako, da teloli, da direbobin taksi, da ɗalibai, da ƴan ci-rani da suka baro ƙauyukansu bayan kaka, da mu ma'aikatan biro masu biro a aljihu. Ana Hausa, ana Zabarmanci, ana Fillanci, wani lokaci duk a jimla ɗaya. Abin da Bahaushe ya kira miya, Bazabarme ya ce foy, abin da wannan ya kira kwaɗon ganye wancan ya ce kopto, amma ban taɓa ganin an nemi tafinta a wurin ba. A ma'aikata akwai babba akwai ƙarami. A rumfar Hajiya wanda ya riga zuwa shi ke zama kusa da randa, ko da kuwa amalanke ya ajiye a waje.

Abin kunya jiya, larura yau

Sana'ar sayar da dafaffen abinci tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin fatake akwai masu tuwo a zango, da aka yi mota suka koma tasha, kuma matan da ke cikin gida sun daɗe suna ɗora wa yara tallan fura da ƙosai da tsala. Sai dai a da an ɗauki tuwon saye abincin baƙo ne, da matafiyi, da gwauro. In aka ga magidanci mai mata ya zauna a bainar jama'a yana cin tuwon kasuwa, sai a fara tambaya ko uwargida ta yi yaji, ko kuwa rumbunsa ne ya ƙare. Har yau a ƙauyukanmu akwai dattijon da zai gwammace ya wuni da yunwa da a gan shi a gaban mai tuwo.

Girman gari ne ya sauya wannan al'ada. Lokacin da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka maido shi Yamai a 1926, Yamai ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogin Isa. A 1970 aka buɗe gadar farko da ta haɗa shi da Harobanda. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun koro dubban mutane daga karkara, da yawansu kuma ba su koma ba. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su kai 400,000 ba, a ƙidayar 2012 kuwa sun zarce miliyan 1. Unguwanni suka yi ta miƙewa, har ya zamana mutum yana kwana a Talaje ko Kwara Tagi, yana aiki a tsakiyar gari. In ya ce zai koma gida cin tuwo da rana, kuɗin taksi zuwa da dawowa ya fi kuɗin kwanon da zai ci, ga ɓata lokaci, ga zafin rana. Abin da ya faru a Yamai shi ke faruwa a Maraɗi da Damagaram da Tawa gwargwadon girmansu.

Bugu da ƙari, mata da yawa yanzu suna fita aiki ko kasuwa, ba su gida da rana balle su ɗora tukunya. Ga kuma ɗalibai da ƴan ci-rani da ke kwana su biyar ko shida a ɗaki ɗaya, ba su da murhu, ba su da madafi. Ga duk waɗannan, rumfar mai tuwo ita ce ɗakin girkinsu. Manyan otel-otel na baƙi ne da masu hali. Wanda ke karɓar albashi mafi ƙanƙanta, wanda aka ɗaga zuwa sefa 42,000 a watan Janairun 2024, in ya ci tuwon dala 50 a kowace ranar aiki, kwana 22 sun tashi sefa 5,500, wato ɗan sama da kashi ɗaya cikin takwas na albashinsa. Ba shi da wani wurin da zai ƙoshi da wannan kuɗi. Saboda haka ranar da mai tuwo ta rufe, akwai mutanen da za su koma bakin aiki da gyaɗar dala 10 da ruwan leda.

Abin da ke cikin kwano, da abin da ke bayansa

In mutum ya duba kwanon da aka ajiye masa da kyau, zai ga gumin jihohi da yawa a ciki. Hatsin daga gonakin Maraɗi ko Damagaram ko Doso ya fito. Albasar ta Galmi ce, jan tattasan da ya ba miya launi na Difa ne, daga bakin Kwamadugu. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli aikin hannun mata ne, daddawar batso kuma daga ƴaƴan yakuwa ake yin ta. Zogale da tomati daga garake suke zuwa, shinkafa ko dai ta gonakin ban-ruwa na Tilaberi ce, ko kuwa ta Asiya da ta sauka a tashar jirgin ruwa ta biyo kamiyo. Dala 50 ɗin da ka miƙa wa Hajiya ba ta kwana a hannunta. Kafin hantsin gobe ta rarrabu tsakanin mai hatsi, mai inji, mahauci, mai icce, ɗan garuwa, da ƴan matan da ke taya ta aiki.

Aikin yana farawa tun da asuba. A surfa hatsi, a wanke, a kai inji, a tankaɗe. Hajiya da kanta take zuwa kasuwa, don ta ce nama da guro ba a aiken yaro sayensu. Da hantsi an ɗora ruwan tuwo, an yi talge, ta kama muciya. Wanda bai taɓa tuƙa tuwon mutum 60 a tukunya ɗaya cikin zafin watan Afrilu ba, bai san abin da kafaɗar waɗannan mata ke ɗauka ba. Ba ta tashi daga gaban wuta sai bayan la'asar, sa'an nan a yi wanke-wanke, a share rumfa, a zauna lissafi.

Lissafin nan kuwa shi ne wurin wuya. Da tiya ake auna hatsi, kuma tiya wajen 40 ke cika buhu mai kilo 100. Da kaka hatsi yana araha, daga bazara zuwa tsakiyar damina yana hawa, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Don rage wannan wahala ne hukumar OPVN, wadda aka kafa a 1970, take fitar da hatsi ta sayar da rahusa, amma abin da ake ba magidanci don iyalinsa bai isa tukunyar mai sana'a ba. Ita dole ta koma kasuwa ta saya yadda ta tarar. Ga kuma shekarun da tsada ke faɗowa gaba ɗaya. A ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala 10 ya koma dala 20, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsalle. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farar ɗango na daminar 2004, hatsi ya gagari talaka. A 2023 kuma, da aka rufe iyakoki a ƙarshen watan Yuli, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka tsaya, shinkafa da mai suka yi tsada.

Mai kanti in kaya sun hau sai ya sauya farashi. Mai tuwo ba ta iya yin haka cikin sauƙi, don ta san abin da ke aljihun ɗan dako, in ta ƙara dala 10 sai ya daina zuwa. Abin da take yi shi ne ta rage malmala kaɗan. Mu da muka saba, daga ganin malmala muke gane yadda kasuwar hatsi take tun ba mu ji a rediyo ba.

Icce shi ma wani nauyi ne. Yawancin tukwanen Yamai da icce suke dahuwa, kuma kowace shekara dajin da ake saro shi yana ƙara nisa. Don haka ne aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi a shekarun 1980, aka kuma yi dokar 1992 da ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin icce su riƙa kula da dazuzzukansu. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gas ya ƙara shiga gidaje. Hajiya ma ta sayi tukunyar gas tana ɗumama miya da ita, amma babbar tukunyar tuwo har yanzu sai da icce. Bayan an fitar da duk waɗannan, ribar da ke rage mata a rana ba ta taka kara ta karya ba. Da ita take ciyar da jikoki, take zubin adashi, take sayen hatsin gobe.

Littafin bashi

To, yanzu mun iso ga abin da ya rufe rumfar. A ƙarƙashin kujerar Hajiya akwai wani littafi irin na ƴan lakwal, bangonsa ya sha mai. Da can da gawayi take zana layi a jikin katanga, kowane mai bashi da wurinsa, sai ruwan sama ya zo ya wanke, a yi ta gardama. Da ta shiga ajin yaƙi da jahilci na unguwa ta koyi rubuta suna da lamba da Hausa, daga nan ta bar katanga ta kama littafi. Kowane shafi da sunan mutum a sama, ƙasa kuma ranaku da kuɗi. Rubutun ba shi da kyau ƙwarai, amma ban taɓa kama kuskuren dala ɗaya a cikinsa ba.

Ranar da na tarar da rumfar a rufe, ɗaya daga cikin ƴan matan ce ta gan ni tsaye, ta kai ni cikin gida. Na sami Hajiya a tsakar gida tana tsince wake. Bayan gaisuwa na ce: «Hajiya, lafiya ba ki ɗora ba?» Ta ce: «Lafiya lau, ɗana. Mai hatsi ne ya ce ba ya ƙara mini buhu sai na biya na baya, ni kuwa kuɗina suna hannun mutane.» Ba ta ce suna hannuna ba. Sai ta miƙo mini littafin ta ce in duba mata ko ta yi kuskure a jimla, tun da ni na yi karatu mai zurfi. Jimlar daidai take, kuma ta zarce kuɗin buhu 3 na hatsi. A shafi na huɗu na ga sunana, da jikka 9 a ƙarƙashinsa. Wata biyu ke nan ina cewa sai ƙarshen wata, ƙarshen wata kuma in ya zo sai haya da kuɗin wuta da suna da biki su riga ta.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne abin da shafukan suka nuna. Ƴan dako da maƙera kusan ba su da shafi, don da hannu suke samu da hannu suke biya, in ma sun ci bashin yau, gobe da rana sun kawo. Manyan shafukan duk namu ne, mu masu albashi. Akwai wanda aka sauya wa wurin aiki ya tafi wata jiha bai yi sallama ba. Akwai wanda bashinsa ya yi yawa, sai ya sauya lungu, ya koma cin tuwo a wata rumfa da kuɗi hannu, in ya hango ƴar aikin Hajiya a kasuwa sai ya kau da kai. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu laifi mutum ya ci bashi ranar da ya rasa. Laifin shi ne mu mai da jarin tsohuwa asusunmu, mu biya mai gidan haya saboda yana iya korarmu, mu biya kuɗin wuta saboda ana iya yankewa, mu bar wadda ba ta da abin tsorata mu da shi sai kunya.

Da na ba wani dattijo abokin aikina wannan labari, sai ya yi shiru, sa'an nan ya tuna mini da shekarun 1990, lokacin da ma'aikatan ƙasar nan suka sha yin watanni ba su ga albashi ba. Ya ce a lokacin masu tuwo da masu kantin unguwa ne suka riƙe gidaje da yawa, suna ba da abinci ba su san ranar biya ba, kuma wasunsu jarinsu ya mutu a nan bai sake tashi ba. Ni a lokacin ina yaro, amma na gane cewa akwai wani tsohon bashi da ma'aikata ba su gama biya ba, ga shi muna ɗora sabo a kansa.

Nata ɓangaren amanar

Kada a ɗauka cewa nauyin duk a kan mai ci yake. Mutumin da ya miƙa hannu ya karɓi kwano bai ga inda aka ɗebo ruwa ba, bai ga naman ba kafin a dafa, bai san ko miyar ta yau ce ko ta kwana ba. Lafiyarsa ya danƙa wa mai dafawa, kuma ba kowace rumfa ce ke riƙe wannan amana ba. Na ga inda mutum 20 ke wanke hannu a tasa ɗaya har ruwan ya koma kamar kunu. Na ga inda ake ɗauraye kwanoni a ruwa ɗaya tun daga hantsi har la'asar, da inda tukunyar miya ke buɗe kusa da kwata, ƙudaje suna hawa suna sauka. Ciwon amai da zawo da ya ɓarke a yankin Madarunfa na jihar Maraɗi a 2018, ya kuma dawo a jihohi da dama a 2021, ta ruwa da abinci da hannu maras tsabta yake bi. Zazzaɓin taifot ma haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita hanyoyin kare abinci a abubuwa 5, kuma babu ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfin mai rumfa. Na farko, tsabtar hannu da kwano da wuri. Na biyu, raba ɗanye da dafaffe, kada wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ta koma kan albasar da za a ci ba dahuwa. Na uku, a dafa abinci ya nuna sarai, musamman nama da kifi. Na huɗu, dafaffen abinci ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, kada a bar shi ya huce ya wuce awa 2 a fili, balle a garin da zafi ke zarce digiri 40 da bazara. Na biyar, a yi aiki da ruwa mai kyau da kayan miya masu kyau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 7 ga Yuni don tunatar da wannan, an kuma fara raya ranar a 2019.

Abin da ya riƙe ni a rumfar Hajiya shekara 7 bai wuce waɗannan ba. Da buta ake zuba wa kowa ruwa, ga sabuni, ba a tsoma hannu a tasa. Randa tana da murfi da moɗa ɗaya mai mariƙi. Ruwan wanke-wanke kashi biyu ne, na sabuni da na ɗauraya, ana kuma sauya su. Miya ba ta sauka daga garwashi sai ta ƙare, abin da ya rage da yamma kuwa almajirai ake ba, ba ya kwana. Abu ɗaya ne har yanzu muke ja da ita, wato zuba tuwo da miya mai zafi a baƙar leda ga masu tafiya da shi. An yi doka a 2014 da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma har yau tana ko'ina, tana toshe magudanan ruwa, tana kashe awaki. A nan ma laifin rabi namu ne, don babu abin da zai hana mai saye ya zo da kwanonsa mai murfi.

Ga hukumomin gari da ma'aikatan tsabta, shawararmu ita ce su ɗauki waɗannan mata a matsayin abokan aiki. Horon kwana biyu da harshen da suke ji, da famfo kusa da inda suka taru, da wurin zubar da ruwan wanke-wanke, za su hana ciwon da tara ba za ta hana ba. Azuzuwan yaƙi da jahilci kuma su sa lissafin jari da riba da rubuta bashi cikin darasi, don mun ga amfaninsa a littafin Hajiya. Asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu cikin ƙasa, ya nuna cewa mata suna iya tara jari su ranta wa juna. Sai dai babu asusun da zai cika rariyar da masu cin bashi ke hudawa.

Yadda wuta ta sake kamawa

A daren ranar na ranto jikka 9 na kai mata. Washegari na bi waɗanda na sani a cikin littafin, biro biro, ban yi wa kowa faɗa ba, don ba ni da bakin faɗa, na dai gaya musu abin da na gani. Wasu suka biya duka, wasu rabi, mutum biyu suka ce ba su tuna ba. Abin da aka tara ya isa ta biya mai hatsi ta ɗauko buhu ɗaya. Ranar da ta sake ɗorawa, maƙeran Katako ne suka fara cika benci, ɗayansu ya ce kwana 9 ke nan bai ƙoshi ba.

Muka zauna da ita muka yi shawara. Yanzu bashi ba ya wuce jikka 2 a kan mutum ɗaya, kuma duk ranar 5 ga wata ana buɗe littafi, kowa ya ga shafinsa. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba ta iya hana mai jin yunwa tuwo. Muka ce mata mai jin yunwa daban, mai albashi daban, ta ci gaba da ba na farko sadaka yadda ta saba, na biyu kuwa ta bar mu da shi.

Jama'a masu karatu, kusan kowannenmu yana da irin wannan rumfa, ko a Bukoki, ko a Sabon Gari na Maraɗi, ko a Birni na Damagaram, ko a bakin tashar Ƙonni. Wanda ya san sunansa yana cikin wani littafi mai bangon mai, to ya je ya tambayi nawa ne, ya biya tun kafin a yi masa aike. Mai dafawa kuma ta tuna cewa ran mutane ne a cikin tukunyarta. Kyan alkawari cikawa. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya sa albarka a cikin abin da muke ci.